Sawun Inna a Gaɓar Shiru

Da sunan Allah nake farawa, Mai shimfiɗa tudu, Mai tara ruwa wuri guda, wanda ya san inda kowace ƙafa ta taso da inda za ta je ta kwanta. Ku matso kusa, ku da kuke cewa ni tsoho ne mai taurin zuciya don na hana a riƙa ɗauke jikata daga ƙasa in tana rarrafe. Yau zan gaya muku abin da idona ya gani a ƙarshen ƙasa. In kun gama ji, mai son ci gaba da zagina ya ci gaba.

Ni ne Zubairu ɗan Arzika, mutumin Tudun Gawo, wanda aka fi sani da Mai jaki. Uwata ce ta laƙa mini sunan nan. Ni ne ɗanta na fari, kun kuwa san al'ada, mace mai kunya ba ta kama sunan ɗan farinta. Tun ina cikin tsumma har furfura ta fara leƙowa a gemuna, ban taɓa jin Zubairu a bakinta ba. Ina ƙarami "kai wannan" nake, da na sayi jaki na fara fatauci na zama "Mai jaki." Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma abin yana ci mini rai.

Sunan Inna Barira, kuma ba 'yar Tudun Gawo ba ce. Shekarar wata muguwar yunwa uwarta ta fito da ita a goye daga wani gari mai nisa, tana jaririya ko zama ba ta fara ba, suka yi ta gararamba har suka faɗo garinmu. Uwar ta rasu Inna tana ƙarama. Ba ta bar mata sunan garin ba, sai alama biyu: rijiya mai baki biyu, da tsamiyar da tsawa ta tsaga. A gindin tsamiyar nan aka binne cibiyar Inna.

Da tsufa ya kama ta, ƙafafunta suka shanye, wata safiya ta kira ni ta ce, "Mai jaki, ɗora wa abin naka akumari. Ba na son a rufe ni a ƙasar baƙunci. Ka kai ni inda cibiyata take."

Na ce, "Haba Inna. Nan kika yi aure, nan kika haihu, ga kabarin Baba can bayan gari. Wane baƙunci kuma?"

"Har yau in muka yi cacar baki da mata, 'yar zuwa suke ce mini. In ba za ka kai ni ba, buɗe baki ka ce ba za ka kai ni ba."

Wa zai iya faɗin haka? Na bar matata da 'ya'yana a hannun Allah, na ɗora Inna a jaki, muka kama hanya. Muka bi garuruwa muna leƙa rijiyoyi kamar masu neman gugan da ya faɗa. Rijiya mai baki biyu mun gani, tsagaggiyar tsamiya mun gani, amma ba mu taɓa samun su wuri ɗaya ba. A bayan Duwatsun Toka jakin ya durƙusa bai sake tashi ba. Daga ranar na ɗaura Inna a bayana da zanenta, amma sunan Mai jaki bai sauka daga kaina ba. In na yi tuntuɓe sai ta ce, "Wancan na farkon ya fi ka iya tafiya."

A wani zango muka haɗu da wani tsohon falke mai ido ɗaya. Da ya ji abin da muke nema ya ce, "Ku daina wahalar da kanku da rijiyoyi. A inda ƙasa ta ƙare, bayan Tekun Gishiri, akwai wani tsibiri mai suna Gaɓar Shiru. Can kififiyar teku take fitowa ta yi ƙwai. Tun tana kamar tafin hannu take shiga ruwa, ta yi shekaru tana yawo a tekun da ba shi da hanya ba shi da alama, amma ranar da ƙwai ya cika cikinta, kan rairayin da aka ƙyanƙyashe ta take dawowa. Masu tsaron gaɓar sun san yadda take yi. Wanda ya koyi wannan ilimi ba zai rasa gidansa ba."

Inna ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Ka ji. Tashi."

Hanyar ta bi da mu ta cikin Dajin Maraba. Itatuwan dajin nan suna magana, kuma kowane matafiyi da muryar wanda ya fi kewa suke masa magana. Duk wanda ya amsa ya zauna a inuwarsu, saiwoyi ne za su naɗe shi, shi ke nan. Mun ga ƙasusuwa jingine da kututture, wasu har da hulunansu. Muna tsakiyar dajin sai ga wata tsamiya tsagaggiya, ga rijiya mai baki biyu a gindinta. Wata muryar mace mai taushi ta ce, "Barira, 'yata, kin dawo? Sauko ki huta, Barira."

Inna ta leƙo ta saman kafaɗata. Ta ce, "Muryar uwata ce. Wallahi ita ce."

Na fara kwance zanen. Sai ta damƙi kafaɗata har farcenta ya shige ni.

"Tsaya. Me ta kira ni?"

"Barira."

"Ni 'yar fari ce. Uwata ko a kan shimfiɗar mutuwa ba ta kama sunana ba. Ɗaure zanen nan, ka ba ƙafa iska."

Na zura da gudu, rassa suna fizgar rigata, muryar tana bin mu tana kuka. Da muka fita dajin na ji bayan wuyana ya jiƙe sharkaf. Ban tambaye ta ba.

Daga nan muka isa bakin Tekun Gishiri, inda na fara ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa. Sarkin jirgi, wani ƙato mai suna Kwatau, ya dube mu sama da ƙasa ya ce, "Dokar jirgina ɗaya ce. In teku ta tashi, kaya ake zubarwa, kuma duk abin da aka shigo da shi a baya kaya ne." Na ga babu wani jirgin, na ce na ji. Aka ba ni filafilin tuƙi, don ni ne mafi ƙarfi a cikin matafiyan.

Da rana tsaka sama ta yi baƙi ƙirin, igiyoyin ruwa suka miƙe kamar katangu. Aka zubar da buhunan gero, aka zubar da tulunan mai, jirgin bai daina shan ruwa ba. Kwatau ya nufo mu da mutanensa. Kafin su iso, Inna ta ja jiki ta zauna a gabana, ta yafa zanen ta bayana ta ɗaure shi tam a ƙirjinta.

Kwatau ya ce, "Mai gemu, miƙo kayanka."

Inna ta ce, "Wane kaya? Buɗe idonka da kyau, ɗan nan. Wa ke bayan wa? Ni ce mai goyo, tun kafin a haife ka nake goyon wannan. In kaya za ku jefa, ga shi nan, ku ɗauka ku jefa, sai ku nemo wanda zai ja muku filafilin."

Kwatau ya dubi zanen, ya dubi damatsana, ya dubi ruwan da ke shigowa. Ya yi tsaki ya koma wurinsa. Haka na yi ta tuƙi a goye, gemuna a kan kafaɗar uwata, har Allah ya kwantar da iskar.

Gaɓar Shiru farin rairayi ce mai tsawo, da itatuwan goriba a bayanta. Babu gida ko ɗaya a bakin ruwan, mutanen tsibirin duk a bayan tudu suke zaune. Wadda ke riƙe da gaɓar wata tsohuwa ce siririya, Magajiya Tumba, ita da mutanenta masu baƙaƙen tufafi da tsintsiyar kaba a hannu. Mun tarar da baƙi daga ƙasashe dabam-dabam sun zo kallo, don lokacin ƙwai ne. Magajiya ta tara mu ta faɗa mana dokoki da murya ƙasa-ƙasa: ba a kunna wuta, ba a ɗaga murya, ba a tsayawa a gaban fuskar kififiya, ba a taɓa komai da hannu. Kowa zai riƙe igiya ɗaya, inda mai ja ya tsaya nan za a tsaya.

Da almuru, rana ta faɗa ruwa amma da sauran haske, aka jera mu a igiya muka gangara. Muka tsuguna. Can sai wani baƙin abu ya ɓullo daga cikin kumfa, faɗinsa ya kai gindin rumbu. Ta jawo jiki da ƙyar, ta ja ta huta, ta ja ta huta, tana nishi kamar mai naƙuda, tana barin sawu mai faɗi a bayanta. Da ta wuce inda ruwa ke kaiwa, ta share wuri, ta haƙa rami da ƙafafun baya, tana kwasar rairayi a hankali kamar mace na ɗibar gari da ludayi. Sannan ta fara zuba ƙwai, farare, masu taushi. Magajiya ta matso da mu ta bayanta. Daga gefe na hangi hawaye yana bin fuskar dabbar.

Inna ta raɗa wa Magajiya, "'Yar'uwa, nan aka haife ta?"

"Nan. Wataƙila ba nisa da inda kike zaune."

"Don Allah gaya mini yadda ta gane. Daga wata duniya ɗana ya goyo ni don wannan tambayar."

Magajiya ta daɗe tana kallon ƙafafun Inna. Ta ce, "Ba abin faɗa ba ne, abin gani ne. Ki jira su ƙyanƙyashe."

Kififiyar ta rufe raminta, ta daddaɓe shi, ta koma ruwa ba ta waiwaya ba. Masu tsintsiya suka bi bayanta suna share sawun, don kada kare ko guza ya bi shi ya tono ƙwan.

Muka zauna jira. Wata ya mutu, wani ya tsaya. Aka ba ni tsintsiya, ina bin masu shara kowace safiya. Inna kuwa kullum raguwa take. Da can in na goya ta sai na ji nauyi a ƙuguna, yanzu kamar na goya damin kara. Ta daina tsokanata, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Tsoro ya cika ni kada ta mutu a hannuna ban kai ta ba, tsoron kuma ya koma fushi. Na tari Magajiya a bayan tudu na ce, "Magajiya, ki ji tsoron Allah. Tsohuwar nan ƙarewa take. Magana ce fa kawai, ki faɗa mana mu kama hanya."

Ta ce, "Ɗana, da magana ce mai daɗin faɗa, da tun ranar na faɗa." Ta wuce ta bar ni ina huci.

Wata safiya, gari ya waye amma rana ba ta fito ba, aka zo aka ce lokaci ya yi. Na goyi Inna muka gangara, na zaunar da ita kusa da ramin. Rairayin ya fara motsi kamar tukunya za ta tafasa. Sai ga ɗan kai baƙi ya leƙo, sai wani, sai wani, kafin ka ce me sun ɓarke sun cika wurin, kowanne bai fi tafin hannun jariri ba, duk sun nufi hasken ruwa suna ta fafutuka.

Sai shirwa ta sauko. Ɗaya ta sura, wata ta sura. Ƙaguwoyi suka fito daga ramukansu suna ja da baya da abin da suka kama. Wani ɗan ya faɗa cikin sawun ƙafa ya kife, yana ta harba ƙafafu sama. Masu tsaro suka bazu suna kaɗa tsintsiya suna korar tsuntsaye, amma ko ɗaya bai sunkuya ya ɗauki ɗan kififiya ba. Magajiya ma ta yi nisa tana kora.

Inna ta ce, "Wane irin mutane ne waɗannan? Jarirai a ƙasa, ana kallo?"

Ta warware mayafinta ta shimfiɗa, ta shiga kwasar duk wanda hannunta ya kai tana zubawa a ciki. Ta tattare bakin mayafin ta rungume a ƙirji.

"Mai jaki, ɗauke ni. Bakin ruwa."

"Inna, doka."

"Dokar banza. Ɗauke ni na ce."

Na ɗauke ta. Gaskiya ni ma zuciyata tana tare da ita. Na shiga ruwa har gwiwa, ta buɗe mayafin, suka watse cikin kumfa, ba wanda tsuntsu ya samu. Inna ta yi dariya, rabona da jin dariyarta tun cikin jirgin Kwatau.

Da muka juyo, Magajiya tana tsaye a bakin ruwan, tsintsiyarta a ƙasa. Na shirya jin faɗa, har na tanadi amsa. Ba ta yi faɗa ba.

Ta ce, "'Yar'uwa, kin tsirar da ransu, kin raba su da gida."

Inna ta ce, "Kamar yaya?"

"Abin da kika zo tambaya ke nan. Tafiyar nan daga rami zuwa ruwa, ita ce duk ilimin. Sai cikinta ya gogi rairayin nan, ta ji ɗuminsa, ta ji warinsa, ta sha wuyarsa da ƙafafunta, sannan yake zama a jikinta. Shi ya sa muke korar tsuntsu amma ba ma ɗauka. Waɗanda kika zuba za su rayu, in Allah ya so, su girma. Amma ranar da ƙwai ya cika cikinsu za su yi ta bin gaɓa bayan gaɓa, ba wadda za ta yi musu kama da tasu."

Na ji hannun Inna ya saki wuyana kaɗan.

Ta ce, "To wadda aka ɗauka fa? Babu wata dabara? Ko addu'a, ko wani magani?"

"Tun kakannina muke tsaron gaɓar nan. Ba mu taɓa ganin wadda aka ɗauka ta dawo ba."

Inna ta ce, a hankali, "A goye aka fito da ni."

Magajiya ta ce, "Na sani. Ɗanki ya gaya wa masu shara tun ranar da kuka zo. Shi ya sa bakina ya yi nauyi."

Raina ya ɓaci. Jakina, iyalina da na bari, dajin nan, tekun nan, duk don a ce mana babu. Na ce, "Ƙarya ne. Mu ba dabbobi ba ne. Inna, riƙe ni da kyau, akwai sauran rijiyoyi a duniya, wallahi sai na..."

"Sauke ni."

"Inna, a cikin ruwa muke."

"Fita bakin ruwan ka sauke ni."

Na sauke ta a kan jiƙaƙƙen rairayi, inda kumfa ke taɓawa ta koma. Ta kifa cikinta, ta kafa gwiwoyin hannu, ta ja jiki. Na sunkuya zan ɗauke ta, Magajiya ta riƙe mini hannu. Tsohuwar nan siririya, amma riƙonta kamar na maƙeri.

Ta ce, "Ba a taɓawa."

Inna ta ja, ta huta. Ta ja, ta huta. Matattun ƙafafunta suna binta a baya suna tsaga rairayi. Rana ta fito ta fara zafi, ba ta tsaya ba. Gwiwoyin hannunta suka sale, rairayi ya manne a jinin. Baƙin da suka zo kallo suka yi tsit a kan igiyarsu. Ni kuwa ina tafe a bayanta, ba ta gaban fuskarta ba, ina kuka kamar yaro, ban ji kunyar kowa ba. Ta wuce ramin da aka ƙyanƙyashe, ta wuce inda ruwa ke kaiwa, har ta isa gindin goriba ta farko. Nan ta juya ta jingina, tana numfashi da ƙyar.

Ta dubi sawun da ta bari tun daga bakin ruwa. Ta ɗebi rairayi ta shinshina.

"Wannan dai da cikina na san shi. Magajiya, kuna da wurin baƙuwa a bayan goribar nan?"

Magajiya ta ce, "Wadda ta hau gaɓar nan da cikinta ba baƙuwa ba ce."

Inna ta gyaɗa kai. Sannan ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba yi ba.

"Zubairu."

Na waiwaya ina neman mai kirana. Wallahi sai da na waiwaya.

"Da kai nake, Zubairu. Kai ba a goye ka bar gida ba. A tsakar gidan Tudun Gawo ka yi rarrafe, ka ci ƙasarsa har sai da na mare ka. Cibiyarka tana bayan ɗakina, gindin lalle, da hannuna na binne ta. In an rufe ni, kada ka ƙara leƙa rijiyar kowa. Ka koma."

Ba ta kai sabon wata ba. Muka yi mata sutura, muka sallace ta, muka rufe ta a bayan goribar, inda ake jin ƙarar ruwa. Sawun nata kuwa, tun a ranar Magajiya ta miƙo mini tsintsiya, don doka ce ba a barin sawu ya kwana a gaɓar. Na karɓa, na tsaya a kansa har la'asar, na kasa. Magajiya ta zo ta karɓe tsintsiyarta, ta ce wa mutanenta wannan a bar wa teku.

Na dawo ta jirgin Kwatau, bai tambaye ni ina mai goyona ba, ya dai ba ni wurin zama bai ba ni filafili ba. A Dajin Maraba itatuwa suka yi ta kira da muryarta, "Mai jaki, Mai jaki, zo ka huta." Ko gezau ban yi ba, don sun makara, na riga na ji yadda take faɗin ɗayan sunan. Ban tambayi kowa hanya ba har na hango gawon garinmu.

Iyakar abin da na gani ke nan, Allah shi ne shaida, shi ya san abin da na manta. Allah ya ji ƙan Barira, ya sanyaya rairayin da take kwance. Ke kuma mai miƙa hannu za ki ɗauki jikata, na gan ki. Kori kajin nan daga gabanta in kina son taimako, amma ki bar yarinyar nan ta iso ƙofa da kanta.